YADDA A KE MAYAR DA GIYAR BABUR BAYAN AN BUƊE INJI

Bayani domin Hakimai da Malamansu

Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi tana kudu maso gabas da ganuwar birnin Kano, a bakin hanyar Zariya, cikin ƙasar Hakimin Tarauni. Wajen zaɓe an raba ta biyu, Arewa da Kudu, su ne biyu daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, yana maƙwabtaka da ita, ga kuma gadar Ɗangi da aka buɗe cikin 2021, saboda haka zirga-zirga ba ta yankewa a nan tun daga asuba har dare. Inda ababan hawa suka yawaita kuwa, nan masu gyara su ke taruwa. Wanda ya bi Titin Kotu, ko lungunan da ke ɓullewa hanyar Zariya, ba zai rasa ganin rumfar makaniki ba, da babura a jingine, da yara 'yan koyo suna wanke ƙarafa cikin tasa.

Cikin watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi cikin birni da kewaye. Sana'ar acaɓa ta ja baya, amma babur bai tafi ko'ina ba. Shi ne dokin malamin makaranta, da masinja, da ma'aikacin lafiya, da ɗan kasuwa. A ƙauyuka kuwa sau da yawa shi kaɗai ne ke kai takardar Hakimi hannun Dagaci, musamman da damina. Don haka batun gyaransa ya kan zo gaban Hakimi ta hanya biyu: ko dai malaminsa ne zai biya kuɗin gyaran baburan ofis, ko kuwa mai babur da makaniki ne suka sami saɓani, Mai Unguwa ya kasa sasanta su.

Yawancin gyaran babur a fili ya ke. Idan an sake taya ko fitila, kowa yana gani. Gyaran giya dabam ne, gama da zarar an rufe inji an ɗaure kusoshi, ba idon da zai sake ganin abin da aka yi a ciki sai an sake warware kome. In an yi kuskure, mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne biyan kuɗin aiki sau biyu. Mafi muni kuwa shi ne giya biyu su shiga a lokaci guda, tayar baya ta ƙage ana cikin gudu, ta watsar da mahayi a tsakiyar titi. Ba a nufin Hakimi ko malaminsa su zama makanikai. Abin da a ke so shi ne su san aikin gwargwadon da za su yi tambayar da ta dace, kuma su yi ta kafin a rufe inji.

ABIN DA KE CIKI

Kalmar giya a nan ta Turanci ce da bakin Bahaushe ya lanƙwasa, ba ruwanta da abin sha. Abin da a ke nufi faya-fayan ƙarfe ne masu haƙora, waɗanda ke cizon juna suna juya juna.

Cikin injin akwai sandunan ƙarfe biyu a kwance kusa da juna. Ta farko tana karɓar ƙarfi daga inji ta hanyar kuloci, a nan za a kira ta sandar inji. Ta biyu ita ce wadda ƙarshenta ya leƙo waje yana jan sarƙa, ita ce sandar sarƙa. Kowace giya faifai biyu ne, ɗaya bisa wannan sanda, ɗaya bisa waccan. Babur mai giya 4 yana da faifai 8 ke nan, mai giya 5 yana da 10.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, dukan faya-fayan nan suna cizon abokansu kullum, ko babur yana firi. Canjin giya ba raba haƙora ba ne a haɗa waɗansu. Dabarar ita ce, cikin kowane biyu, faifai ɗaya a kulle ya ke da sandarsa, ɗayan kuwa sake ya ke, yana juyawa bisa sanda kamar zobe a yatsa, ba ya jan kome. Waɗansu daga cikin kullallun an tsattsaga musu sanda yadda za su iya zamewa hagu ko dama ba tare da sun daina juyawa da ita ba. A gefensu akwai 'yan ƙahoni, su ne ke faɗawa cikin ramukan faifan da ke sake, su kulle shi da sanda. Shigar ƙahonin nan ita ce ƙarar da mahayi ke ji in ya taka giya.

Abin da ke tura faifai mai zamewa wani ƙarfe ne mai yatsu biyu, kama da gwafa, saboda haka gwafa za a kira shi. Yatsunsa suna rungume da wuyan faifan. A bayansa akwai ɗan tsini wanda ke bin wata lanƙwasasshiyar hanya da aka sassaƙa jikin wani ƙarfe mai siffar ganga. In mahayi ya taka liba, ganga ta juya kaɗan, hanyar ta karkata tsinin, gwafa ta tura faifai. A ƙarshen gangar akwai ƙarfe mai siffar tauraro, da wani hannu mai sifirin da ke faɗawa tsakanin tsinayensa, shi ke riƙe ganga kada ta motsa sai an sake takawa. Baburan farko da hannu a ke canja musu giya. Cikin 1929 ne kamfanin Velocette na Ingila ya fito da babur na sayarwa mai libar ƙafa wadda ke komawa wurinta bayan kowane taki, sauran maƙera suka bi.

Iri biyu ne na inji suka fi zuwa hannun makanikan Kano. Akwai mai kwance, irin na baburan da a ke kira roba-roba, wanda asalinsa Super Cub ne da kamfanin Honda na Japan ya fito da shi cikin 1958. Mai giya 4 na wannan iri gwafa 2 gare shi, kuma a jikin ganga su ke zaune, ganga ta ratsa ta cikinsu. Akwai kuma mai tsaye, irin CG125 na 1975 da waɗanda masana'antun ƙasar Sin suka kwaikwaya daga gare shi. Mai giya 5 na wannan iri gwafa 3 gare shi, a jere bisa wata siririyar sanda tasu ta kansu, kusa da ganga.

Malamin da ya iya lissafi zai ji daɗin ƙirga haƙora. A yawancin roba-roba masu cc 100 zuwa 110, giya ta ɗaya haƙora 12 ne bisa sandar inji suna juya 34 bisa sandar sarƙa, watau sai sandar inji ta juya kusan sau uku kafin ta sarƙa ta juya sau ɗaya. Nan ne ƙarfin tashi da kaya ya ke. Ta biyu 17 da 29, ta uku 21 da 26, ta huɗu 24 da 23. Ƙirgan nan yana da amfani ranar sayen sabon faifai, gama akwai waɗanda suka yi kama a ido amma suka bambanta da haƙori ɗaya.

KADA A YI GAGGAWAR BUƊEWA

Ba kowane ciwon giya ne ke bukatar a tsaga inji ba. Kuloci da bai saki sosai ba ya kan sa giya ta yi tauri. Liba da ta kwance bisa sandarta, ko sifirin da ke mayar da ita ya karye, ko hannun da ke riƙe tauraro ya yi sanyi, duk su kan kawo alamu masu kama da lalacewar ciki, alhali kuwa ana isa gare su daga waje, ko ta cire murfin gefen dama kaɗai. Wannan aikin sa'a ɗaya ne ko biyu. Tsaga inji kuwa sai an sauke shi daga babur, an cire kai da silinda da kuloci. Malamin da aka kawo wa lissafin babban aiki, ya kamata ya fara tambaya ko an duba waɗannan ƙananan tukuna.

Alamar da ta fi nuna ciwon ciki ita ce giya guda ɗaya ta riƙa fita da kanta, ta koma firi, musamman in an ba da wuta ko ana hawan tudu, sauran kuwa suna lafiya.

JERAWA DA DUBAWA

Rabin aikin mayarwa tun wajen cirewa a ke yinsa. Akwatin injin ɓari biyu ne kamar ƙwarya da murfinta. A irin injinan da aka ambata, ɓarin hagu a ke kwantarwa ƙasa, a ɗaga na dama, kayan giya su zauna a na hagu. Makanikin kirki ba ya juye su cikin tasa ɗaya. Ya kan shimfiɗa tsumma mai tsabta, ya zare kowane abu ya ajiye bi da bi, fuskar da ke kallon sama tana kallon sama, ko kuwa ya zura su a waya yadda suka fito. Yanzu da kusan kowa ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto, ba wani uzuri ga wanda bai ɗauki hoton sandunan ba kafin ya taɓa su. Aikin nan ɗan'uwan aikin malamin ofis ne: wanda ya hautsina takardun fayil, ko duk suna nan, ya ɓata fayil.

Tsabta kuma wajibi ce. Rumfunan bakin hanya a ƙasa su ke, ga ƙurar hunturu. Yashi kaɗan cikin boris ya isa ya cinye shi cikin 'yan makonni. A wanke kome da kananzir, a bar shi ya tsane, a rufe da tsumma in za a tashi salla ko cin abinci.

Sa'an nan a duba. Haƙoran faifai ba su cika lalacewa ba, sai dai in wani abu ya faɗa tsakaninsu. Ƙahoni ne ke ci. Sabon ƙaho gefensa a tsaye ya ke, mai kaifi. In ya goge ya yi sulɓi kamar dutsen rafi, ba zai zauna cikin raminsa ba, ƙarfin inji zai riƙa tofar da shi waje. A duba bakin ramukan su ma, gama su biyu ke cin juna, kuma bai kamata a sake ɗaya a bar ɗaya ba. A nan akwai abin da ke ruɗar mai babur. Faifan da ke kulle wata giya sau da yawa na wata giya ne dabam. A roba-roba mai giya 4, faifan giya ta uku na sandar inji shi ne ke zamewa ya kulle ta biyu da ta huɗu. Saboda haka in ta biyu ce ke fita, makaniki ya ce a sayi faifan ta uku, ba cuta ba ce.

Gwafa kuma a dubi yatsunta. Lafiyayya ta kan yi ɗan sheƙi a kan yatsun kaɗai, daidai wa daida a duka biyu. In ta yi shuɗi ko baƙi kamar ƙarfen da ya sha wuta a maƙera, ko yatsa ɗaya ya fi ɗaya ci, ko sheƙin ya gangaro har cikin kwarin gwafar, to, ta lanƙwashe ko ta daɗe tana gugar faifai. Kaurin yatsan sabuwa a ƙananan babura wajen milimita 5 ne, kuma littattafan maƙera su kan ce a yar da ita in cin ya kai milimita 0.3 zuwa 0.5, gwargwadon irin babur. Wannan ba abin da ido ke aunawa ba ne, sai da ma'auni. Gwafar da ta lanƙwashe ba a miƙe ta da guduma, ko da ya ke ana yi. Sandar da su ke zamewa a kai, a gangara ta bisa gilashi: in tana tsalle, ta karkace. A bi hanyoyin jikin ganga da farce, musamman wajen kwanoninsu, a ji ko akwai inda ya fashe ko ya faɗaɗa.

Dalilin da ya sa a ke haɗa duban ƙaho da na gwafa shi ne, ciwon ɗaya ne ke haifar da na ɗaya. Ƙahon da ya goge yana tura faifai baya, faifai ya danni gwafa, gwafa ta ƙone ta lanƙwashe. Lanƙwasasshiyar gwafa kuwa ba ta kai ƙaho ƙarshen raminsa, sai ya riƙa kamawa da baki-baki har ya goge. Wanda ya sa sabuwar gwafa ya bar tsohon faifai, ya sayi gwafa ne don ya ƙona.

MAYARWA

Da sanduna a ke farawa, kowace ita kaɗai. A shafa wa kome baƙin mai mai tsabta kafin a zura. Giya ta ɗaya ta sandar inji, watau mafi ƙanƙanta, yawanci a jikin sandar aka sassaƙa ta, ba ta fita. Abokiyarta bisa sandar sarƙa ita ce mafi girma, kuma sake ta ke. Tsakanin faya-fayan akwai washa, da bushin, da zoben kulle wanda makanikai ke kira kilif. Waɗannan ƙananan su ne suka fi arha cikin injin duka, su ne kuma suka fi jawo hasara.

Zoben kulle shi ke hana sakakken faifai yawo bisa sanda. Yana zama cikin wani siririn gurbi da aka zagaye sandar da shi. In ya fita, faifan na iya gusawa ya haɗu da ƙahonin maƙwabcinsa alhali wata giya tana ciki, nan ne taya ke ƙagewa. Saboda haka akwai ƙa'idodi game da shi waɗanda ba a sassautawa. Wanda aka cire ba a mayar da shi, gama buɗewar farko ta rage masa ƙarfi. Sabo kuma ba a buɗe shi da filaya fiye da yadda zai wuce. In an shafa shi da yatsa za a ji fuska ɗaya gefenta da kaifi, ɗaya a dakushe, don da injin huda aka yanke shi. Dakusasshiyar fuskar ita ke kallon faifan da zai dinga turo shi, mai kaifin ta kalli waje, ta ciji bakin gurbi. In an juya shi, turi kaɗan-kaɗan zai hawo da shi. A kan sanda mai tsaga-tsaga, a daidaita bakin zoben ya faɗa bisa kwarin tsaga, domin ƙarshensa biyu su sami tudun da za su jingina. Bayan ya zauna a ɗan juya shi da bakin sukudireba a tabbata ya shiga gurbi ko'ina, kuma ba ya lilo.

Washa ita ma haka, gefenta mai laushi wajen faifai. Bushin da ke da ɗan rami a jikinsa, a daidaita ramin da na sanda, don ta nan mai ke bi. In an toshe shi, faifan zai bushe ya kama sanda.

In an gama jera sandunan biyu, a riƙe su a hannu a haɗa haƙoransu. Ga gwaji mai sauƙi wanda ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai iya yi: kowane faifai ya fuskanci abokinsa sosai, gefe da gefe, ba rabi a waje ba. Cikin kowane biyu kuma lalle ɗaya ya zama kullalle, ɗaya sakakke. In an ga biyu duk a kulle ko duk a sake, ko wani ya goce daga abokinsa, to, an juya wani faifai ko an manta da washa.

Sandunan biyu tare su ke shiga ɓarin akwati, ba ɗaya bayan ɗaya ba. A ƙarshensu a kan sami siraran washa waɗanda ke manne wa boris saboda mai, su faɗo ba a sani ba. A ɗan shafa musu giris don su tsaya wurinsu. A injin roba-roba, da ya ke gwafa a jikin ganga ta ke, sai an fara zura gwafofin bisa ganga, an sa tsinin kowace an kulle shi da ɗan makullinsa, an rungumar da yatsunsu wuyan faya-fayan, sa'an nan a ɗauki sanduna biyu da ganga a dunƙule a saukar da su gaba ɗaya. Aiki ne da ke son hannu huɗu, ba kunya ba ne a kira yaro ya taimaka. A mai tsaye kuwa sanduna a ke fara sa wa, sa'an nan gwafofi, kowace a wuyan faifanta, a ɗan kawar da su gefe, a sa ganga, a ɗaga kowace gwafa har tsininta ya faɗa hanyarsa, daga ƙarshe a zura siririyar sandar ta ratsa su duka. Ta kamata ta shige da turin yatsa. In sai da duka, wani abu bai zauna ba.

Gwafofin sun yi kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Maƙera su kan buga musu haruffa: R ta dama, C ta tsakiya, L ta hagu. Wajen da harafin zai kalla ya danganta ga irin injin, shi ya sa a ke lura tun wajen cirewa. A yawancin waɗannan injina sandar kik ita ma a ciki ta ke, tilas a sa ta yanzu. Makanikai da yawa sun taɓa rufe inji suka waiwaya suka gan ta a kan tsumma.

GWAJI KAFIN RUFEWA, DA BAYANSA

Wannan shi ne lokacin da ya kamata mai babur, ko wakilin ofis, ya kasance a tsaye a wurin. Ɓarin akwati yana kwance, kome a fili. Makaniki ya riƙa juya sandar inji da hannu ɗaya, yana juya ganga da ɗayan. Dole ne sanda ta riƙa juyawa, gama ƙaho ba ya shiga sai ya tarar da raminsa. A ƙirga giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, a komo. A kowace a duba ƙahoni sun shige sosai, gwafa kuma ba a matse ta ke ba, tana da ɗan sararin motsi. A firi, in an riƙe sandar sarƙa, sandar inji ta juya ba tare da ta ja ta ba. A roba-roba firi yana gaban giya ta ɗaya, a yawancin masu giya 5 kuwa tsakanin ta ɗaya da ta biyu ya ke. Duk gwajin nan bai wuce minti biyar ba.

Sa'an nan a share bakin ɓarin biyu, a sa 'yan bututun nan biyu da ke daidaita su, a shimfiɗa sabon gasket. Waɗansu su kan bar gasket su shafa gam kaɗai don tsimi. A injin da aka ƙera domin gasket wannan kuskure ne, gama kaurin takardar yana cikin lissafin maƙeri, in babu ita sai akwati ya matse sanduna. Gam mai yawa kuma ya kan tsinke ya toshe matatar mai. Ɓarin sama ya sauka da danna hannu da ɗan bugu da katako ko gudumar roba. In ya tsaya ya bar tazara, kada a ce kusoshi za su jawo shi. Akwatin na sanholo ne, tsagewa zai yi. A ɗaga a nemi abin da ya tokare.

Kusoshi a ɗaure su a gicciye, wannan kusurwa sa'an nan mai fuskantarta, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Masu kaurin milimita 6 ba su son fiye da Newton-mita 10 zuwa 12, watau ɗaurin wuyan hannu ne, ba na kafaɗa ba. Bayan kowane zagaye a juya sandunan. In suna juyawa sumul da farko, suka yi tauri da aka ɗaure, akwai washa da ta yi yawa ko ta goce. In kuwa sanda tana kai da komo da yawa in an ja ta, akwai wadda ta ɓace. A sa tauraro da hannunsa da liba, a sake ƙirga giyoyin, tun ba a ɗora kuloci da silinda ba.

In an gama haɗa babur, a zuba mai gwargwadon alamar ma'auni. A waɗannan ƙananan injina masu bugu huɗu bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi ne ke shayar da inji da kuloci da giya gaba ɗaya. Gwajin farko a yi shi cikin lungu marar jama'a, ba bisa hanyar Zariya ba. A kowace giya a ba da wuta a saki, a sake bayarwa, don giyar da za ta fita a nan ta ke nuna hali.

ABIN DA MALAMI ZAI RUBUTA

Game da baburan ofis, ya kamata malamin Hakimi ya rubuta ranar da aka kai babur, da abin da mahayi ya ce yana ji, da sunan kowane ƙarfe da aka sake, da adadin haƙoransa in faifai ne. Tsofaffin ƙarafa a komo da su ofis a ɗaure cikin leda da lambar babur. Lissafin da ya nuna an tsaga inji amma babu kuɗin gasket da zoben kulle a ciki, abin tambaya ne, ba abin murna ba.

Game da ƙara kuwa, ƙarafan su kan ba da shaida in an san yadda a ke karanta su. Ciwon da ya bayyana ranar da aka karɓi babur ko kashegari, kamar giya ɗaya ta ɓace, ko liba ta ƙage, ko mai ya riƙa tsiyaya ta tsakiyar akwati, ya fi kama da kuskuren mayarwa. Wanda ya bayyana bayan watanni, aka buɗe aka tarar da ƙahoni sun goge, gwafa ta yi shuɗi, yana iya zama na ƙarfe marar kyau, ko na mahayi. Akwai masu ɗora ƙafa bisa liba suna tafiya, gwafa tana gugar faifai ba hutawa. Akwai masu dukan liba da dunduniya in giya ta ƙi shiga a tsaye, alhali tura babur gaba ko baya taki ɗaya ya isa ƙaho ya sami raminsa. Faɗuwa ta gefen liba ita ma ta kan lanƙwasa abin ciki. Ba kullum makaniki ke da laifi ba. Sau da yawa ya kan ce a sayi faifai biyu da gwafa, mai babur ya ce kuɗinsa na gwafa ne kaɗai. In haka ta faru, a sa shi ya faɗa gaban shaida, ko a rubuta.

Idan sulhu ya kai ga sai an sake buɗe injin, kada a bar ɗayansu ya buɗe shi shi kaɗai. Hakimi ya sa Mai Unguwa ya nemo wani dattijon makaniki wanda su biyu suka yarda da shi, a buɗe gabansu duka, a jera ƙarafan bisa tsumma yadda suka fito, malami yana rubutawa, kafin kowa ya wanke ko ya juya wani abu.